Lissafin Farautar Shunayya

Hajiya ta ga hoton wani falo a waya, bangonsa shunayya mai duhu kamar nunannen malmo. Aka ce mata sunan launin Pelt, na kamfanin Farrow & Ball da ke Ingila. Fentin ba ya kusa, ko da yana kusa ma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Sai tambayar da aka saba: wane kamfani ne ke da irinsa? Mai shago kuwa bai iya cewa babu ba. Zai buɗe katin launuka na Dulux ko na Berger, ya ɗora yatsa ya ce, "Ga shi nan Hajiya, sak." Wannan "sak" ɗin nake so mu yi wa lissafi.

Suna ba ya kai mutum ko'ina, domin kowane kamfani raɗa wa launinsa abin da zai ja mai saye yake yi. Lamba ta fi amfani: akwai tsarin RAL da Jamusawa suka kafa a 1927, akwai NCS na Suwidin, akwai Pantone. Amma lamba inda za a je kawai take faɗa, ba ta faɗin abin da za a zuba a bokiti. Wani kamfanin da sinadarin rinin da ake kira PV23 yake kaiwa ga shunayyarsa, wani kuma shuɗi da ja yake gamawa ya ɗiga baƙi. A ƙarƙashin fitilar shago sai su zama Hassan da Hussaini. A kai su gida, hasken la'asar ya shigo ta taga, ɗaya ya karkata ruwan goro. A kunna farin ƙwan lantarki da dare, ɗayan ya koma shuɗi. Masana suna kiran abin metamerizim, kuma ko na'urar auna launi da ke manyan shaguna ba ta kawar da shi: launin take karantawa, sannan ta haɗa shi da rinin da ke cikinta.

To a fara ƙirga. Wanda ya san haka ba ya sayen bokiti kai tsaye, sai ya gwada. Gwangwani uku ko huɗu na gwaji, kowanne a shafa shi sau biyu, a jira ya bushe, a duba da safe, a duba da dare. Ɗaya za a zaɓa, sauran sun zama kayan ajiya a sito. Kuɗin mota zuwa shago da dawowa ba wanda yake rubuta shi.

Babban ramin yana cikin bokitin kansa. Abin da ke sa fenti ya rufe bango shi ne farin sinadarin titaniyam, kuma launi mai duhu ba ya ɗaukar farin da yawa, don zai kashe shi. Saboda haka a kan ruwan fenti mai ƙarancin fari ake haɗa shunayya, shafin farko sai ya fito da zane-zanen rola kamar an yi da gangan. Ɗauki ɗaki mai mita 4 kowane gefe, tsayinsa mita 3. In an cire ƙofa da taga, bangon ya kai murabba'in mita 42. Litar fentin ruwa takan rufe 10 zuwa 12, wato kusan galan guda mai lita 4 a kowane shafi. Shafi biyu galan biyu. Shafi huɗu galan huɗu. In fentin madadin rabin kuɗin na asali ne amma ninki ya ci, ina ribar? Ga shafin ƙasa mai ruwan toka da ake fara yi don duhun ya zauna. Ga mai fenti, wanda ya yi jinga kan shafi biyu, yanzu ya tsaya yana sosa ƙeya: "Ranka ya daɗe, sai an ƙara wani abu." Gaskiyarsa ce kuwa. Kada dai a ɗauka mai tsadar ya tsira. Shi ma shunayya ce, yana iya neman shafi na uku.

Saura kuɗin da ke zuwa daga baya. Ƙurar hunturu ba ta ɓuya a bango mai duhu, in kuma aka goge da tsumma wurin ya yi sheƙi. Sabon shafen siminti da bai gama bushewa ba yana fitar da farin gishiri, a kan shunayya kuwa daga bakin ƙofa ake hango shi. Yaro ya karce bango bayan shekara, a koma shago da lamba, a haɗo sabo, a shafa: sai faci ya fito, domin rana ta riga ta ci na bangon. Gyaran tafin hannu ya zama fentin bango guda, kusurwa zuwa kusurwa.

Abu ɗaya ne ban sa a lissafin ba. Launin da ake ta farauta, Hajiya ba ta taɓa ganinsa a bango ba. A fuskar waya ta gan shi, wadda haske take fitarwa, a hoton da aka ɗauka cikin hasken wata ƙasa, kuma kyamara ta yi suna wajen mayar da shunayya shuɗi. Da za ta buɗe hoton a wayar maigidan, wani launin za ta gani.