Sare Gawasa Cin Amana Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Daga cikin ni'imomin da Allah (S.W.T) Ya yi wa ƙasar Gwandu akwai itaciyar gawasa. Jigawa mai yashi take so, inda mangwaro ba ya rayuwa sai da ban ruwa. Ana cin naman 'ya'yanta, a fasa ƙwallon a ci ƙwayar da ke ciki mai ɗauke da mai. Mata da yara kuma suna kai ta kasuwa su sami na cefane. Amma a yau yaron Dalijan da ya je gona, abin da ya fi gani shi ne kututture.

Wa ya sare? Mafi yawa matasa ne masu gatari, waɗanda ke ɗura buhunan gawayi ana kaiwa Birnin Kebbi da Sakkwato. Hujjarsu ita ce talauci da tsadar kananzir da gas. Talauci gaskiya ne, kuma mahukuntan da suka bar talaka ba aikin yi za su amsa tambaya ranar gobe. To amma kuɗin gawayi kwana nawa yake yi a aljihu? Itaciyar da ta yi shekaru tana ciyar da gari, a yini ɗaya ake mai da ita toka.

Musulunci bai bar wannan babi a buɗe ba. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar (R.A) ya hana rundunar da ya tura Sham sare itace mai 'ya'ya. A fagen yaƙi ke nan, balle a gonar maƙwabci! Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W) ya yi wa mai dashe albishir da ladan sadaka, duk lokacin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci.

Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san yadda 'ya'yan itace da ganyaye suka riƙe gidaje bayan rumbu ya ƙare. Ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya zauna ya karantar ba ta cancanci a miƙa ta ga hamada ba.

Don haka kowane ɗan'uwa ya tara ƙwallon gawasa ya shuka da damina. Wadda ta tsiro da kanta a gona a kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Mai buƙatar makamashi ya sassabe busasshen reshe, ya bar gindin. Allah Ya ba da ikon aikatawa, amin.