Sanin Doka: Awon Motoci a Kan Hanya

Bayan girbi manyan motoci suna shiga ƙauyuka. Suna ɗaukar albasa a Galmi, wake da aya a ƙasar Maraɗi, shanu daga kasuwannin Damagaram. Manomi da makiyayi suna biyan kuɗin mota, saboda haka ya kamata su san dokar awo.

A watan Disamba na 2005, a Bamako, ƙasashe 8 na ƙungiyar UEMOA suka yi doka ɗaya a kan nauyin motocin kaya. Nijar tana cikinsu. Ana ce mata doka mai lamba 14. Ta shafi duk motar kaya wadda nauyinta, ita da kayanta, ya wuce tan 3 da rabi. Tan ɗaya kilo 1000 ne.

Wurin awo wani babban sikeli ne a ƙasa, bakin hanya. Mota tana hawa kansa. Ana auna ta duka, kuma ana auna kowane layin ƙafafu dabam. Layin gaba kada ya wuce tan 6. Layin baya mai ƙafafu bibbiyu kada ya wuce tan 12. Kamyo mai layi biyu iyakarta tan 18. Tsawon lodi daga ƙasa kada ya wuce mita 4.

Me ya sa ake auna layi layi? Domin nan ne nauyi yake danne kwalta. An yi gwaji a Amurka daga 1958 zuwa 1960. Aka gano idan nauyin layi ɗaya ya ninka sau 2, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninka wajen sau 16. Shi ya sa mota ɗaya mai mugun lodi ta fi motoci da yawa cin hanya. In hanya ta mutu, kuɗin mota ya hau, kuma talaka ne zai biya.

Dokar 2005 ta yanke tara: jikka 20 a kan kowane tan da ya yi yawa, in tafiyar cikin ƙasa ce. In za a ƙetare iyaka, jikka 60. Motar da ta nufi Abijan da rarar tan 5 za ta biya jikka 300. Ba a nan abin ya tsaya ba. Dokar ta ce a sauke rarar kafin mota ta wuce. Siminti zai iya kwana a bakin hanya. Albasa fa? Kwana biyu cikin rana sai ta fara ruɓa. Tarar a kan mai mota take, amma asarar kaya ta mai kaya ce. Ɗan kamasho da ya ce a ƙara buhu goma, shi yana gida a lokacin.

Ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya, irin ta cin kasuwar ƙauye, wannan doka ba ta hau kanta ba in ba ta wuce tan 3 da rabi ba. Amma ita ma tana da iyaka, an rubuta a takardarta, wato kartagiris. Kuma takardun motar gida dabam suke da na motar haya. Wanda yake ɗaukar kayan mutane don kuɗi sai da izinin sufuri da asiransi irin na wannan aiki.

Kafin a fara lodi, mai kaya ya tambayi direba tan nawa takardarsa ta ce. Ya ƙidaya buhunan da suka hau. Idan bai iya karatu ba, ya nemi wani ɗan makarantar yaƙi da jahilci ya duba masa lambar.