Daga Yankari Zuwa Abuja: Yadda Magidanci Zai Raba Kwana Bakwai

 A cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a makon jiya akwai ta wani magidanci, ma'aikaci a Kano, wanda ya sami hutun mako guda, ya kuwa daɗe yana tara 'yan kuɗi domin ya fita da iyalinsa su ga ƙasa. Amma tun ba a ɗaure kaya ba gardama ta tashi a gidan. Shi yana so ya kai su Yankari, inda malamansu suka taɓa kai su yana ɗan makaranta, har yau abin bai bar zuciyarsa ba. Yaran kuwa, su huɗu, sun kafe a kan Abuja, wurin lilo da motocin karo da suke gani a waya. Uwargida ta ce ita ko'ina aka nufa ta yarda, muddin dare ba zai yi musu a hanya ba. To, shi ne yake tambaya ko kwana bakwai za su ishe shi ya haɗa biyun.

Malam, za su isa, amma da sharaɗi guda. A fara da daji, a kwana biyu cur a cikinsa, sa'an nan a ƙare da wurin wasa, a ba shi wuni ɗaya. In ka juya wannan tsari ka yi asarar kuɗinka. Dalili kuwa shi ne, a wurin wasa da zarar an biya kuɗi daɗi ya zo, ba jira. Daji ba haka yake ba. Giwa ba ta san ka biya ba, ba ta kuma yi alkawari da kowa ba. Sai a yi sa'a biyu ana tafiya shiru cikin mota ana zuba ido kafin a hange ta, wata rana ma sai kashinta da sawunta kaɗai. Yaron da ya wuni jiya injin yana wujijjiga shi sama da ƙasa ba zai iya wannan haƙuri yau ba. Wanda kuwa ya san lilo na jiransa a ƙarshen mako, ka sami abin da za ka riƙe shi da shi duk tsawon hanya.

Irin wannan tafiya daga Amurka ta samo asali, gama su ne suka fara keɓe Yellowstone a matsayin gandun daji na ƙasa a shekarar 1872, su ne kuma suka buɗe Disneyland a 1955. Mu ma muna da namu gwargwadon hali. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga baƙi a watan Disamba na 1962. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa, kana a 2006 aka mayar da shi hannun Jihar Bauchi, wadda ke riƙe da shi har yanzu. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200. Mai tambaya zai ce, me ya sa ban ambaci gandun Tafkin Kainji ko Kamuku ba? Gaskiya ɗaya ce: 'yan bindiga sun daɗe suna fakewa a waɗannan dazuzzuka, ba kuwa zan tura mutum da mata da yara can ba. Gashaka Gumti, wanda ya fi duka girma, yana can iyakar Kamaru, zuwansa da dawowa kaɗai sun cinye rabin mako.

Kafin a tsai da rana sai a dubi lokaci, domin nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Dogon hutun makaranta yana faɗowa ne tsakiyar damina, lokacin da ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ya kwanta ko'ina, namun daji suka watsu, hanyoyin cikin gandun kuma suka zama taɓo. Da rani ne, sa'ad da tafkuna suka ƙafe, dabbobi ke taruwa a bakin Kogin Gaji, wanda ba ya yankewa duk shekara. Watau daga Fabrairu zuwa Afrilu aka fi ganinsu. Saboda haka magidanci mai 'yan makaranta yana da zaɓi biyu. Hutun Afrilu ya fi ba da kallo, sai dai zafi. Hutun Disamba ya fi daɗin jiki, amma jama'a kan yi yawa wajen Kirsimeti da sabuwar shekara, tilas a kama ɗaki tun da wuri, a kuma ɗauki rigunan sanyi saboda hunturun Jos. A duba kalanda kuma kada tafiyar ta faɗa cikin azumi, tun da yake watan yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara.

Ga yadda zan raba kwanakin in ni ne. Wanda zai taso daga wani gari sai ya daidaita da nasa nisan.

Rana ta farko a bar Kano bayan sallar asuba, a bi ta Birnin Kudu da Ningi zuwa Bauchi, tafiyar kimanin kilomita 300. A wajen Kafin Madaki akwai gandun Sumu, inda aka zuba dabbobin da aka kawo daga Namibiya a 2006. In lokaci ya ba da hali a ratsa, domin a nan ne yara za su iya ganin raƙumin dawa da jakin dawa, waɗanda ba za su gani a Yankari ba. Da la'asar a ziyarci kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin garin Bauchi, a yi masa addu'a, a gaya wa yara ko wane ne shi, da yadda aka kashe shi a Janairun 1966. Daga nan sai kasuwa: ruwan sha, burodi, sukari, ganyen shayi, lemo da maganin sauro. A cika tankin mota fal kafin a shiga daji.

Rana ta biyu a kama hanyar Gombe, a Dindima a karkata zuwa ƙauyen Mainamaji, inda babbar ƙofar gandun take. Daga ƙofar zuwa sansanin Wikki, inda ɗakunan kwana suke, akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai, duka-duka daga Bauchi kimanin 110. A yi wannan yanki a hankali, a sauke gilashi, domin kallo ya riga ya fara. Da an isa, masu tarbar baƙi na farko su ne birai da gadu, waɗanda suka saba da mutane har ba sa gudu. Bika ba abin wasa ba ne. Yana buɗe ƙofar da ba a kulle ba, yana kuma fizge leda a hannun yaro. Kada a ba shi abinci, kada yaro ya fita da abin ci a hannu, a riƙa kulle ɗaki da mota.

Da rana ta yi sanyi sai a gangara ruwan Wikki. Wannan ruwa yana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani dutse, garau har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa yana nan a digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana kuma zubar da kimanin lita miliyan 21 kowace rana zuwa Kogin Gaji. Wajen idon ruwan zurfinsa ya kusa mita 2, don haka yaron da bai iya iyo ba a tsai da shi can ƙasa inda ruwan bai kai ƙugu ba, babba na tsaye a kansa. In uwargida da 'yan mata suna jin nauyin shiga cikin jama'a, to, su sauko da sassafe kafin wurin ya cika.

Rana ta uku ita ce zuciyar tafiyar duka, kada a sa mata komai sai daji. Ana fita kallon dabbobi da safe da kuma yamma, tare da ɗan rakiya na gandun, gama da tsakar rana kowace dabba tana inuwa. A yi fitar biyu duka, wanda safiya ta hana wataƙila yamma ta bayar. A sa riguna masu dogon hannu saboda ƙudan tsando. Gwanki da kanki da gwambaza da mazo da ɓauna suna nan, dorina da kada suna cikin ruwa, tsuntsaye kuwa sun fi iri 350. Zaki ya yi ƙaranci ƙwarai, kada a yi wa yara alkawarinsa. Kowane yaro a ba shi littafi da fensir ya rubuta sunan abin da ya gani da Hausa. Za ka yi mamaki, Malam, da yawan sunayen da suka sani da Turanci daga talabijin amma ba su san su da harshen uwarsu ba. Tsakanin fitar biyu a nemi a kai ku kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, domin yara su san daji ma yana da tarihin mutane.

Rana ta huɗu a yi sallama da Wikki, a koma Bauchi, a haura Jos, jimla kimanin kilomita 240. Jos tana bisa tudu mai tsawon mita 1,200 daga teku, iskarta kaɗai hutu ce bayan zafin Alkaleri. Da yamma a shiga gidan tarihi da Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda aka ajiye kawunan yumɓu na mutanen Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, masu haƙar kuza ne kuwa suka fara tono su. Kusa da shi aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Akwai kuma gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, amma wanda ya fito daga Yankari ba lalle ne ya gajiyar da yara da shi ba.

Rana ta biyar a gangara Abuja ta Akwanga da Keffi, kusan kilomita 300. A tsaya a magangarar ruwa ta Assop a miƙe ƙafa. Da la'asar a kai yara Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a Disamban 2003, su yi guje-guje a kan ciyawa, manya su huta.

Rana ta shida ta yara ce, a cika musu alkawari ba tare da ƙunƙuni ba. Magicland, wanda aka fara sani da Wonderland tun 2007, yana kusa da ƙofar shiga birni ta hanyar filin jirgin sama. A irin waɗannan wurare galibi kuɗin ƙofa daban, kowane abin hawa kuma da nasa, a nan ne aljihun uba ke tsiyayewa bai sani ba. Maganin abin shi ne tun a masauki a gaya wa kowane yaro hawa nawa zai yi, shi ya zaɓa da kansa. In an ce tsawon yaro bai kai ba, kada a roƙi mai tsaron injin, don lafiyar ɗanka aka sa dokar. Ka duba ɗamarar kujera da hannunka. Abinci kuwa bayan hawa, ba kafinsa ba. A rubuta lambar waya a takarda a sa wa ƙananan a aljihu, a kuma nuna musu inda za a haɗu in an rabu. Rana ta bakwai a yi sammako zuwa gida, kilomita 400 da ɗoriya.

In ka lissafa za ka ga tafiyar ta haura kilomita 1,300, kwana biyar daga cikin bakwai kuma akwai tuƙi a cikinsu. Saboda haka kada a ƙara ko gari ɗaya, ko da akwai dangi a can. Sauri ya haifi nawa. Sharaɗin uwargida kuwa shi ne dokar tafiyar: ba tuƙin dare, a isa masauki kafin magariba. Hanyar Abuja zuwa Kaduna da wasu sassan Filato sun sha ganin tashin hankali, don haka kowace safiya kafin a tashi a tambayi direbobin tasha labarin hanya, su ne suka fi kowa sani. In sun ce a dakata, a dakata, da muguwar rawa gara ƙin tashi. A kai mota wurin makanike tun sauran mako guda, a duba birki da tayoyi har da ta safiya. Kuɗi kuma a kasa su kashi biyar: mai, masauki, abinci, kuɗin shiga, sai na biyar wanda ba a taɓa shi sai ta ɓaci. A riƙe tsaba a hannu, domin waya ba kullum take samu a daji ba. Salla kuwa addini ya sauƙaƙa wa matafiyi, yana da ƙasaru.

Daga ƙarshe, ga dalilin da ya sa na goyi bayan uban a wannan gardama, ko da yake ban hana yaran nasu ba. Lilon ƙarfe in ya lalace ana sayo wani daga waje, baɗi ma yana nan, wataƙila har ya fi na bana. Giwa ba a sayo ta. Masu kula da namun daji sun ƙiyasta cewa giwayen da suka rage a Nijeriya duka ba su wuce 400 ba, garken Yankari kuwa, wanda yake cikin mafiya girma, kimanin 100 ne. Mafarauta masu neman haure da matsin gonaki da kiwo su ne suka kawo mu nan. Ma'aikatan gandun suna kwana a daji suna tsaron abin da ya rage, wasunsu har sun rasa rayukansu a kan haka. Kowane iyali da ya biya kuɗin ƙofa yana nuna wa hukuma cewa wurin yana da masu so. Yaron da ya ga giwa da idonsa tana karya reshe a bakin Gaji, in ya girma ya zama alƙali ko kwamishina ko manomi a gefen gandun, ba zai ɗauki maganarta da wasa ba. Gani ya kori ji.

To, Malam, ka tara yaran yau da dare ka shimfiɗa musu taswira, ka nuna musu Yankari da fari, Abuja daga baya. Allah ya kai ku lafiya, ya komo da ku lafiya. In kun dawo a rubuto mana abin da kowane yaro ya sa a littafinsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.