ZANEN ARO BA YA RUFE KATARA: TSOKACI A KAN TAKOBIN HASKE NA CIKIN KWALI

Wani yayi ya shigo gidajen masu hannu da shuni a birnin Abuja, kuma ya fara leƙawa makarantun 'ya'yansu. Uba zai aika Turai ko Amurka ko Sin a kawo wa ɗansa kwali. In an buɗe kwalin sai a tarar da guntayen ƙarfe da roba an yanke su an goge, da 'yan sukurori a cikin leda, da fitilu ƙanana, da batir, da takardar umarni mai lamba ɗaya zuwa kaza. Yaro ya zauna ya bi lamba bayan lamba, kafin la'asar ga shi riƙe da takobin haske irin na fim ɗin Star Wars, yana walƙiya yana gunji. Daga nan sai a ɗauki hoto a watsa wa dangi, a ce Allah Ya ba mu injiniya a gida. Da abin ya tsaya a wasa, da ban ɗauki alƙalami ba, domin kowa da abin da ke sanyaya masa rai. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne sunan da aka laƙaba wa wannan aiki. An kira shi ƙirƙira, alhali kuwa harhaɗawa ce tsagwaronta.

Bari mu fara da asalin takobin, tunda masu sayen kwalin ba kasafai suke tambaya ba. Fim ɗin Star Wars na George Lucas ya fito a shekarar 1977, kuma kuɗin da aka ware masa ba su taka kara sun karya ba in an dubi girman abin da ake son nunawa. Mutumin da aka ɗora wa ƙawata dandalin fim ɗin, wani Bature ɗan Ingila mai suna Roger Christian, bai sami kwalin da zai buɗe ba, domin a lokacin babu mahalukin da ya taɓa ganin takobin haske. Sai ya shiga wani shagon kayan ɗaukar hoto a Landan, ya tono tsofaffin mariƙan fitilar kyamara ƙirar kamfanin Graflex, irin waɗanda 'yan jarida ke amfani da su a wajajen 1940. Ya manna wa mariƙin wasu siraran robobi domin hannu ya sami wurin kamawa, ya ciro 'yan ƙwayoyin gilashin fuskar wata tsohuwar na'urar lissafi ya liƙa. Takobin da duniya ke rububi ke nan. Bindigar jarumi Han Solo kuwa tsohuwar bindigar Jamus ce ƙirar Mauser aka yi wa kwaskwarima. Cikin jirgin jaruman an ƙawata shi da tarkacen matattun jiragen sama da aka sayo a matsayin bola. Hatta gunjin takobin, Ben Burtt ya samo shi ne daga kukan injin majigi da tsuwar akwatin talabijin.

To, jama'a, ina sunan wannan aiki a Hausa? Sunansa gwangwan, sunansa jari-bola, sunansa aikin 'yan panteka. Mutumin da ya yi shi ya karɓi lambar yabo ta Oscar a 1978. Bayan haka ne 'yan kasuwa suka auna wancan tarkace, suka zuba kwafinsa a masana'anta, suka tsattsaga shi suka zuba a kwali. A 2012 kamfanin Disney ya sayi kamfanin Lucas a kan dala biliyan 4 da 'yan kai, kuma a 2019 ya buɗe wani shago a wurin shaƙatawarsa na Amurka inda a wancan lokacin baƙo ke biyan kimanin dala 200 ya harhaɗa takobinsa da hannunsa. Ashe ke nan yaron Maitama da Asokoro kwafin kwafi yake harhaɗawa. An riga an yi masa tunani, an yi masa awo, an yi masa kuskure an gyara. Ɗaure sukurori kawai aka bar masa.

Yanzu mu juyo gida. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara. Bayan girbi yaro zai zaɓi karan dawa, ya ɓare ɓawon, ya ware totuwar, ya yanka ta daidai gwargwado, ya yi ta soke-soke har motar ta tashi da ƙofofinta da fitilunta. Wanda ya ƙara wayo ya koma motar langa-langa da ta waya, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, ya ɗaura doguwar sanda mai sitiyari yadda in ya murɗa, tayoyin gaba su juya. Babu takardar umarni. Shi ne mai zane, shi ne mai awo, shi ne mai neman kayan aiki, kuma in gatarin taya ya karye shi zai zauna ya gano dalili. Haka nan in azumi ya kai goma, 'yan tashe su ne masu haɗa kayan wasansu: gemun auduga, da rawanin tsumma, da tulun cikin da aka cusa wa ƙyallaye. Tsakani da Allah, wa ya fi kusa da Roger Christian, wannan yaro ko mai kwali? Amma wannan yaron shi ne muke kora da tsawa, mu ce ya tara mana shara a tsakar gida, ya je ya wanke hannu ya ɗauki littafi.

Kada a ce abin ya tsaya a wasan yara. A 2007 kafofin watsa labarai na duniya suka ɗauki labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziya a Jami'ar Bayero ta Kano, yana da shekara 24. Ya shaida wa manema labarai cewa kallon finafinai ne ya sa masa sha'awar jirgi mai saukar ungulu. Bai aika a sayo masa kwali ba. Ya nemo injin mota ƙirar Honda Civic, da kujerun wata tsohuwar Toyota, da wasu sassa na jirgin Boeing 747 da ya taɓa faɗuwa kusa da Kano, ya shafe wata takwas yana haɗawa da kuɗin da yake samu a gyaran kwamfuta da wayar hannu. Jirgin bai wuce ƙafa bakwai daga ƙasa ba. Masu dariya sun yi dariya, amma ƙafa bakwai ɗin nan tasa ce, babu wanda ya auna masa ita a wata masana'anta.

Haka kuma a Kaduna wasu matasa da suka kira kansu The Critics Company suka riƙa shirya gajerun finafinan almarar kimiyya da wayar hannu mai fasasshen gilashi, da koren ƙyalle da suka rataya a bango, da karyayyen abin riƙe makirfo da suka mayar mazaunin kyamara. Labarinsu ya bazu a 2019, kuma a 2020 J.J. Abrams, wanda ya ba da umarnin fim ɗin Star Wars na 2015, yana cikin waɗanda suka aiko musu da kayan aiki. Abin lura a nan shi ne, magajin gidan Star Wars da kansa ya gane 'yan'uwansa da ya gan su, kuma a cikin masu tarkace ya gan su.

Na san abin da masu kare kwali za su ce, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Za su ce kwali yana koya wa yaro haƙuri da natsuwa, da riƙon sukurdireba, da sanin inda wayar wuta ke shiga da inda take fita. Za su ƙara da cewa duk koyo da kwaikwayo yake farawa, ko ɗan maƙeri ma fartanyar ubansa yake kwaikwaya. Na yarda. Sai dai a duba yadda ɗan maƙeri ke kwaikwayon. Yana fara wa daga zuga-zugi, ya san zafin da ƙarfe ke yin laushi, ya riƙe awartaki, ya ɗaga masaba, ya ɓata ƙarfe goma kafin ɗaya ya yi kyau. Ranar da manomi ya zo da buƙatar da ba a taɓa kawowa ba, zai iya biya masa ita, domin ƙarfen ya sani, ba siffar fartanya kaɗai ba. Mai kwali fa? Ranar da sukuru ɗaya ya ɓace, aiki ya tsaya cik sai an aiko da wani daga ƙetare. Kwali matakala ce mai kyau in ana hawa ta a wuce. Laifin shi ne mu mun shimfiɗa tabarma a kan matakalar mun ce mun iso.

Wannan cuta kuwa ba a ɗakin yara ta fara ba, gadonta suka yi. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna, ana kawo sassan mota daga Faransa ana ɗaurawa. An yi shekaru ana alfahari da 504, amma ba a wayi gari an ga motar da zanenta da injinta suka fito daga kanmu a wannan masana'anta ba. A 1999 aka kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke nan Abuja, kuma a 2003 aka harba tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya. A Ingila aka ƙera shi, daga Rasha aka harba shi. Gaskiya ne injiniyoyinmu sun je sun koyo, har suka haɗa wani da hannunsu a can Ingila, aka harba shi a 2011, kuma wannan abin a yaba ne. Amma ƙasar da ke son ta wuce nan tana buƙatar yaran da suka saba tsayawa gaban tarin tarkace su hango abin da babu shi tukuna. Irin wannan ido ba a sayensa da dala, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saura mu, ɗalibai da malaman Hausa, kada mu zaci maganar ta 'yan kimiyya ce kaɗai. Tun a 1969, shekarar da ɗan'adam ya taka wata, Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, inda yaro Kilba ya yi tafiya sararin samaniya. Shekara takwas ke nan kafin Star Wars. Mun karanta littafin, mun rubuta jarrabawa a kansa, mun ci mun wuce. Wa ya taɓa zama ya zana abin hawan da ya ɗauki Kilba? Wa ya gina shi, ko da na kwali da gwangwani ne, ya ɗora a dandalin wasan kwaikwayo? Babu kamfanin da ke sayar da shi, babu takardar umarni, kuma wannan ne ya sa ya cancanci a yi shi. Dole mai ginin ya koma ga littafin ya karanta da idon maƙeri, ya yanke shawarar tsawo da faɗi da launi, ya yi gardama da abokinsa a kan inda ƙofa za ta kasance. A nan adabi da ƙira za su gaisa.

Saboda haka ina kira ga iyaye: in kun sayi kwali, to ku sayi ɗaya, in an gama harhaɗawa ku ce wa yaro ya kwance, ya ƙera nasa da abin da ya samu a gida. Ina kira ga makarantu da su raba gasa biyu, ta harhaɗawa daban, ta ƙirƙira daban, kada a ƙara ba mai kwali kyautar da ta dace da mai gwangwani. Malami ya ɗauki ɗalibansa ya kai su wurin makanikan Apo da 'yan panteka na Dei-Dei, su ga yadda ake tayar da mataccen inji. Ina kuma kira ga ƙungiyar ɗaliban Hausa da ta sa ginin jirgin Kilba cikin shirin makon Hausa mai zuwa, da sharaɗi guda: kada a shigo da ko sukuru ɗaya da aka sayo domin wannan aiki.

Mai yiwuwa abin da za a gina ya fito a karkace, fentinsa ya yi dabbare-dabbare, 'yan kallo su yi dariya kamar yadda aka yi wa jirgin Mubarak. Ba komai. Wanda ya gina karkataccen abu da tunaninsa zai miƙe shi a karo na biyu. Wanda kuwa ya saba jiran kwali, to zai tsufa yana jiran mai kawowa.