Ka sabunta waya sai gargaɗi ya fara fitowa? Kar ka kai ta filashin tukuna

Ka sabunta wayarka, Tecno ce ko Infinix, ka buɗe manhajar da ka daɗe kana amfani da ita, sai ga rubutun Turanci wai an gina ta ne don tsohon Android, ƙila ba za ta yi aiki daidai ba. Kafin ka nemi motar Kano daga Gaya ko Ajingi ka nufi Farm Centre, tsaya. Wayarka lafiyarta ƙalau, manhajar ce ta tsufa.

A 2015 Android 6 ya zo da tsarin da manhaja sai ta nemi izininka kafin ta taɓa kyamara ko lambobin mutanenka. Wadda aka gina kafin nan kuwa, da ka ɗora ta shi ke nan, ta kwashe izinin gaba ɗaya. Masu manhajar sata suka gane wannan ƙofa, suka riƙa gina nasu da tsohon tsari da gangan. Shi ya sa daga Android 10 waya take gargaɗi a kan irinsu, Android 14 na 2023 kuma ya hana ɗora su kwata-kwata.

Mu kuma a nan, manhajoji da yawa ta Xender muke karɓarsu, ko a wajen masu caji da turi, wasu sun shekara goma suna yawo daga waya zuwa waya.

To ga inda mutane ke cutar kansu. A Android 14, tsohuwar manhajar da ke kan wayar tun kafin sabuntawa tana nan, ba a goge ta. Amma ranar da aka yi wa wayar filashin ta tafi, kuma ba za ta sake hawa ba. Ka biya kuɗi, ka rasa hotuna, ka rasa manhajar ma.

Ni dai shawarata, fara duba Play Store ko akwai sabuwarta. In babu, shiga saitin waya ka rage mata izini. Manhajar karanta littattafai me ya haɗa ta da saƙonninka?

Gargaɗin Play Protect daban ne fa. In ya ce manhaja na da cutarwa, goge ta nan take, musamman in a wayar kake tura kuɗi.