Ado Ba Sai Da Bashi Ba

Jama'a, yau zan faɗi wadda ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Wani abokina ya ci bashi ya ɗinka Getzner saboda bikin kammala karatu, alhali bai biya kuɗin makaranta ba. Haba! Shaddar nan daga Ostiriya take zuwa, dala ta tashi, ita ma ta tashi.

Da na je hutu gida Kontagora, na buɗe adakar Baba na tarar da tsohuwar rigar saƙi mai aska takwas, aikin hannu irin na Nufawan Bida. Wanki da bugu kawai aka yi mata. Ranar gabatar da bincikena, har malamai suna tambayar telana.

Kafin ku ci bashi, ku fara leƙa adakar gida. Ko ya kuka gani?