Katangar bishiyoyi: Ina ayyukan da aka yi wa matasa alkawari?

Duk shekara idan damina ta kama, sai a ga mahukunta sun fito da jerin motoci da 'yan jarida, a kafa rumfa a bakin hanya, mai girma ya durƙusa ya dasa bishiya ɗaya, a zuba mata ruwa da sabuwar buta, a tafa, a watse. Kafin kaka ta yi awaki sun cinye dashen, wanda ya tsira kuma rani ya ƙarasa shi. Baɗi sai a sake dawowa, sau da yawa ma a wannan filin dai. Wannan shi ake kira yaƙi da kwararowar hamada a ƙasar nan.

Alhali kuwa lamarin ya wuce wasa. Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. Tafkin Cadi da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye ƙwarai ya bar masunta da makiyaya a tagayyare, ga rairayi yana danne gonaki a irin su Yusufari ta jihar Yobe. Saurayin da gonar ubansa ta mutu shi ne ake gani a birni yana acaba ko tura baro, wani kuma ya faɗa hannun 'yan siyasa su ba shi ƙwaya da gora.

A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa katangar bishiyoyi mai tsawon kusan kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti, da alkawarin farfaɗo da ƙasa hekta miliyan 100 da samar da ayyukan yi miliyan 10 kafin 2030. Nijeriya ta kafa wa shirin hukuma ta musamman da doka a 2015, don jihohi 11 na bakin hamada, daga Kebbi har Borno. Amma rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa hekta kusan miliyan 4 kacal aka gyara a yankin katangar, ayyukan da aka samar kuwa kimanin 350,000 ne a ƙasashen gaba ɗaya.

Kada wani ya ce rashin kuɗi ne. Tun 1981 ake ware kaso daga asusun tarayya da sunan gyaran muhalli. A 2021 an yi wa katangar alkawarin sama da dala biliyan 14 a taron Faris, a shekarar kuma Bankin Duniya ya amince da bashin dala miliyan 700 don gyaran ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, bashin da yaran yau ne za su biya shi. Yadda ake yi da irin waɗannan kuɗi kuwa ba ɓoyayye ba ne. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato Joshua Dariye kan karkatar da sama da Naira biliyan 1 na asusun muhalli, a 2022 gwamnati ta yi masa afuwa.

To ina gyaran yake? Sai a leƙa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Tun a shekarun 1980 manoman can, tare da wani masanin noma ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, suka rungumi abin da suke kira sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture a ƙona, sai manomi ya zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran, ya riƙa kula da su. Saiwar tana nan da ranta a ƙasa, don haka ba ta bukatar ban ruwa. Abin da ya ƙara wa manoma ƙwarin gwiwa shi ne da hukuma ta sassauta, ya zama bishiyar da mutum ya rena a gonarsa tasa ce, ba ta ma'aikacin gandun daji mai cin tara ba. Ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da bishiyoyi kusan miliyan 200. Gawo yana zubar da ganyensa da damina ya zama taki, 'ya'yansa abincin dabbobi ne, rassan da aka datse kuma itacen girki ne da na sayarwa.

Darasin a fili yake, bishiya tana rayuwa ne idan tana da mai ita. Saboda haka in da gaske mahukunta suke, su daina ba 'yan kwangila aikin dashe. A ba matasan ƙauye filin da kansu, a biya su gwargwadon bishiyoyin da suka rayu bayan shekara 3, a kuma tabbatar masu a rubuce cewa ƙaron daƙwara da 'ya'yan da za a samu nasu ne. A bayyana wa jama'a nawa kowace jiha ta karɓa, da inda ta kashe shi. Sannan a tuna cewa tun da aka janye tallafin mai a 2023 rayuwa ta ƙara tsada, gidaje da yawa sun koma gawayi, kuma kama mai gawayi ba tare da an sama masa wata sana'a ba zalunci ne a kan zalunci.

Su kuwa 'yan'uwa matasa, bai kamace su su naɗe hannu suna jiran azzalumi ya tuba ba. Manzon Allah (S) ya kwaɗaitar da dashe, ya kuma lissafa abin da mutum ko dabba ko tsuntsu ya ci daga cikinsa a matsayin sadaka. Matasan da ke iya tsara muzahara da gadin taro ba za su kasa renon zogale da mangwaro da darbejiya a harabar Islamiyya su sayar ba. Mai gonar gado ya gwada sassaben zamani a bana, mai ilimin boko ya koyi haɗa fitilar hasken rana da murhu mai tsimin itace. Wanda yake ci da guminsa ba a saye shi ranar zaɓe.

Allah Ya raya ƙasa da zukata, Ya isar wa raunana. Wassalam.